Kwamfuta Ko Adabi? Nasiha Ga Uwa Da 'Yarta Kafin A Cike Fom Ɗin Jami'a

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya karrama ɗan Adam da hankali da harshe. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Kowace shekara, da zarar an gama kaka an zuba amfani a rumbu, hunturu ya kankama, sai a fara sayar da fom ɗin JAMB. A gidajenmu na ƙasar Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa, kuɗin fom ɗin nan da na makarantar da zai biyo baya ba daga albashi suke fitowa ba. Daga buhun wake suke fitowa, ko gyaɗa, ko akuyar da uwa ta shekara tana kiwo. Amma abin mamaki, a sha duk wannan wahala, sai ranar cike fom a bar yarinya ta tafi shagon intanet ba tare da an zauna da ita ba, yaron shago ya dube ta ya ce, "Wane kwas za a sa miki?" Ta yi shiru. Ya ce, "Bari in sa miki kwamfuta, shi ake yayi." Shi ke nan, an yanke wa yarinya makomar shekara huɗu a cikin minti biyu.

A wani gidan kuma yarinyar ta san abin da take so. Tana son harshe, tana son karatun littafi da rubutu. Da ta furta, sai a yi mata ca: "Adabi? Wato mu sayar da hatsi ki je birni ki karanta littattafan soyayya?" Sai ta haɗiye maganarta, ta cike abin da ba za ta iya ba. In ta faɗi, a ce ai dama boko bai karɓe ta ba, a rufe babin. Kin san dai yadda abin yake a wajenmu: namiji ana iya sake saya masa fom baɗi, amma mace sau da yawa dama ɗaya gare ta.

Wannan ne ya sa na ga ya dace mu tattauna a kan waɗannan fannoni biyu, kimiyyar kwamfuta da nazarin adabi, mu san matsayinsu a addini, mu san abin da ake karantawa a cikinsu, don kada mu zaɓa wa 'ya'yanmu da ka.

Matsayin ilimin nan biyu a Shari'a

Malamai sun raba ilimi gida biyu. Akwai farali aini, wanda ya hau kan kowane baligi, mace da namiji: sanin Allah, tsarki, salla, azumi, da hukuncin duk abin da mutum zai shiga. Wannan babu zaɓi a cikinsa, kuma digiri ba ya ɗauke shi. Shi ya sa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman da suke karantar da almajirai a waje, suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Sannan akwai farali kifaya, wanda in wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari al'umma duka ta yi laifi. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya kawo likitanci da lissafi a matsayin misalin wannan kashi, saboda rayuwar mutane da cinikinsu da rabon gadonsu ba sa daidaita sai da su.

To 'yar'uwa, a yau rajistar katin ɗan ƙasa, da ajiyar banki, da bayanan asibiti, da jarrabawar 'ya'yanmu, duk sun koma kan kwamfuta. Haka kuma abin da 'ya'yanmu suke karantawa da saurare a waya, wani ne yake rubuta shi, wani yake fassara shi. Al'ummar da ba ta da masu tsara manhaja sai ta ci abin da aka dafa mata. Wadda ba ta da masana harshe da adabi kuwa, wasu ne za su ba da labarinta yadda suka ga dama. Kowanne a cikin biyun nan giɓi ne da ake buƙatar mai toshe shi.

Ki dubi magabata. Zaidu ɗan Sabit (RA), marubucin wahayi, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, ya kuwa iya shi cikin kimanin rabin wata. Wannan Zaidun dai shi ne ya shahara a cikin sahabbai da sanin fara'ili, wato lissafin rabon gado. Uwar Muminai Nana A'isha (RA), manyan sahabbai suna zuwa tambayarta fara'ili, kuma ɗan 'yar'uwarta Urwatu ya shaide ta da sanin waƙoƙin Larabawa da tarihinsu. Hassanu ɗan Sabit (RA) da waƙa ya kare Manzon Allah (SAW). Ashe ke nan raba ilimi a ce wannan na masu ƙwaƙwalwa ne, wancan na ragwaye ne, ba daga magabatanmu muka gaje shi ba.

Me ake karantawa a kimiyyar kwamfuta?

Kuskure na farko shi ne zaton da ake yi cewa kwas ɗin nan koyon buga takardu ne, irin wanda ake yi a shago wata uku a ba da satifiket. Ba haka ba ne. Kimiyyar kwamfuta ginshiƙinta lissafi ne. Ɗaliba za ta koyi yadda ake warware matsala daki-daki, mataki bayan mataki, ta yadda na'urar da ba ta da hankali za ta bi ba tare da ta ɓata ba. Ki ɗauki rabon gado misali: a fara da jana'iza, a biya bashi, a fitar da wasiyya, a duba wa ya rage, wa ya kange wa, sannan a ba masu rabo ƙayyadadde, a ba asaba saura. In kika tsallake mataki ɗaya, rabo ya ɓaci. Irin wannan jerin matakai shi ake kira algoridim, kuma kalmar daga sunan wani malami Musulmi ta samo asali, Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi, wanda ya rayu a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun. Littafinsa na Aljabru, wanda ya rubuta wajen shekarar 820 Miladiyya, babban kaso a cikinsa lissafin gado da wasiyya ne.

A jami'a za ta yi lissafi mai zurfi da Fiziks tun a ajin farko, sannan ta koyi harsunan da ake ba kwamfuta umarni da su, irin su Python da Java, da tsara rumbun bayanai, da yadda na'urori suke magana da juna. Karatun shekara huɗu ne, a ciki akwai watannin da za ta je ma'aikata koyon aiki. A watan Disamba na 2022, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhajar karatu wadda ta mai da ilimin kwamfuta fanni mai zaman kansa, da rassa irin su kimiyyar kwamfuta, injiniyancin manhaja, tsaron intanet, kimiyyar bayanai da fasahar sadarwa. Saboda haka cewa "kwamfuta" kawai ba ta wadatar ba, sai an san wane reshe. A kusa da mu akwai Jami'ar Bayero a Kano, wadda take da tsangaya guda ta wannan fanni, akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a Wudil.

Abin da ake nema galibi shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO, cikinsu da Turanci da Lissafi da Fiziks. A jarrabawar JAMB kuma Turanci, Lissafi, Fiziks, da wani darasin kimiyya, yawanci Kemistiri. In 'yarki ba ta yi Fiziks a sakandare ba, cike mata wannan kwas zubar da kuɗi ne, komai yawan makin da ta ci.

Sai kuma a faɗi gaskiya: karatun nan yana buƙatar kwamfutar hannu tata ta kanta, da wutar caji, da data. Ba a koyon tsara manhaja a allo da alli kaɗai, kamar yadda ba a koyon ɗinki ba keke. Alherinsa ga mace shi ne, in ta ƙware, da yawa daga aikinsa ana iya yinsa daga cikin ɗaki.

Me ake karantawa a adabi, musamman kwatanta adabi?

Shi ma an zalunce shi. Kwatanta adabi shi ne a ɗauki rubutu ko waƙa ko labari na al'ummu biyu ko fiye, a harsunansu, a duba me wannan ya ara daga wancan, me ya sauya, kuma don me. A jami'o'inmu na kusa galibi ba a ba shi digiri na kansa a matakin farko. Ana shiga ta sashen Hausa, ko Larabci, ko Turanci, ko Faransanci, a haɗu da shi a matsayin darasi, mai so ya zurfafa a digiri na biyu. Jami'ar Bayero, da ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, duk sun daɗe da waɗannan sassa.

Kada sunan ya ba ki tsoro, don kin daɗe da sanin abin. Ishiriniyar da ake rerawa a makarantunmu na allo da zaurukan malamai, Alfazazi ne ya yi ta, mutumin Andalus, wato ƙasar Sifen ta yau, wanda ya rasu a shekarar 1230. Ta yaya ta ƙetaro sahara ta zauna a bakin Bahaushe? Ta yaya ma'aunin waƙar Larabci ya shiga rubutacciyar waƙar Hausa? Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864) ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa, ta kuma tura jajis ɗinta ƙauyuka suna karantar da mata 'Yan Taru da waƙoƙi. Me ta ƙara, me ta rage, don matar ƙauye ta gane? Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi fice a gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja, ya zo ya rubuta Magana Jari Ce, inda ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da Indiya da Turai, ya sa musu rigar Hausa har ba ka gane baƙi ne. Littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Amsa irin waɗannan tambayoyi da bin sawun irin waɗannan tafiye-tafiye shi ne aikin mai kwatanta adabi.

Wannan karatu yana son juriyar karanta littattafai masu yawa, da iya rubutu, da riƙe harshe biyu aƙalla da kyau. Wadda za ta shiga sashen Turanci dole ta yi darasin Adabin Turanci a sakandare ta kuma zaɓe shi a JAMB. Mai son Hausa ta yi Hausa, mai son Larabci ta yi Larabci, kuma nan ɗalibar Islamiyya take da jarin da wasu ba su da shi. Ƙofofin aikinsa su ne koyarwa, fassara, aikin rediyo da jarida, tace littattafai da rubutu. Sashen Hausa na BBC tun 2016 ya buɗe gasar Hikayata don mata marubuta, wanda ya nuna cewa alƙalamin mace yana da kasuwa.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu

Manominmu bai taɓa ganin gero da wake a matsayin kishiyoyi ba. Gona ɗaya yake zuba su, gero ya yi sama, wake ya shimfiɗa a ƙasa ya gyara ta. Haka fannonin nan suke. Khalilu ɗan Ahmad, malamin Basra wanda ya fitar da ilimin aruli, wato ma'aunin waƙa, da ya zo tsara ƙamusunsa Kitabul Aini da lissafi ya yi aiki: ya ɗauki haruffa uku ya jujjuya su gida shida, ya duba wanne Larabawa suke amfani da shi, wanne suka bari.

A zamaninmu abin ya ƙara fitowa fili. A watan Disamba na 2013 kamfanin Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara. Tun daga ƙarshen 2022 kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka yaɗu, har suna amsa tambaya da Hausa. Amma duk wadda ta gwada ta san sukan yi tuntuɓe a karin magana, su rikita ƙ da k, su kawo zancen da Bahaushe ba ya yi. Na'urar daga rubutun mutane take koyo, kuma rubutun Hausa a intanet kaɗan ne in aka gwada da na Turanci. Akwai masana 'yan ƙasarmu, cikinsu da malaman Jami'ar Bayero, da suke tattara rubutun Hausa suna tantance shi don koya wa kwamfuta, kamar aikin da aka fitar a 2022 mai suna NaijaSenti. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da mai lissafi shi kaɗai, sai da wadda ta san bambancin zambo da habaici. Ga kuma tulin rubuce-rubucen ajami na kakanninmu a Gidan Ɗan Hausa a Kano da Gidan Arewa a Kaduna da zaurukan malamai, suna jiran mai iya karanta su da mai iya adana su a na'ura kafin gara ta riga mu.

To ki tambayi kanki: in yaranmu suka fara tambayar na'ura hukuncin haila da idda da Hausa, wa zai duba ko amsar daidai ce, in babu 'ya'yanmu mata masu addini a cikin masu wannan aiki?

Nasihohi ga uwa

Na ɗaya, ki sani zaɓin nan ba ranar cike fom ake yinsa ba. Ana yinsa ne ranar da yarinya ta gama aji uku na ƙaramar sakandare aka ce ta shiga ajin kimiyya ko na adabi. Ran nan ya kamata ki tashi tsaye. Ki tambaya: makarantar nan tana da malamin Fiziks? Tana da malamin Adabin Turanci? In tana da ƙoƙari a lissafi, a nema mata jarrabawar shiga makarantun kimiyya na jiha, irin ta 'yan mata da ke Garko.

Na biyu, ki san ƙasar gonarki. Ba a dasa shinkafa a jigawa, ba a kuma kai gero cikin fadama don kawai ya yi tsada a kasuwar Dawanau. Ke kika haife ta, kin san wadda in an aike ta awo ba ta kuskuren canji, wadda take jin daɗin darasin gado a Islamiyya. Kin kuma san wadda ba ta ganin takarda a ƙasa ta wuce, wadda in ta ba ƙannenta labari ba mai motsi. Ko da ba ki yi boko ba, wannan sanin naki ya fi na yaron shago. Ki haɗa da duba sakamakonta na shekara uku, da tambayar malamanta.

Na uku, kada ki zaɓa don 'yar kishiya ko 'yar maƙwabta. Gasa irin wannan ta sa yara da yawa sun shiga kwas ɗin da suka kasa fita. Niyya ita ce tushen aiki. In an nemi ilimi don a amfani al'umma a kuma ci halal, ya zama ibada, in don a ce ne, wahala ce kawai.

Na huɗu, ki yi wa maigida bayani da ladabi da hujja, tun kafin lokaci ya ƙure. A yi lissafin kuɗin makaranta da masauki da kwamfuta. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun lamunin ɗalibai, NELFUND, wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa, amma bashi ne da za a biya bayan gama karatu, don haka a karanta sharuɗɗansa da kyau kafin a shiga. In jami'a ba ta samu ba a karon farko, hanya ba ta toshe ba. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a nan Bichi, mai takardar NCE mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. In kuma maganar aure ta taso, a sa ci gaba da karatu cikin abin da za a tattauna da manema tun farko, a gaban waliyyai, ba bayan an ɗaura ba.

Nasihohi ga ƙanwata ɗaliba

Ke kuma ƙanwata, kada kunya ta hana ki faɗa wa iyayenki abin da kike iyawa da wanda ba kya iyawa. Kunya a inda za a cuce ki ba ita ce kunyar da addini ya yaba ba. Ki nemi kundin JAMB na shekarar da za ki zauna, ki duba da idonki darussan da jami'ar da kike so take nema, don sukan bambanta kuma sukan sauya. Kada ki bar shago sai kin karanta abin da aka cike miki. Tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawar nan gaba ɗaya, saboda haka ko adabi za ki karanta, ki nemi inda za ki saba da na'urar kafin ranar.

Ki yi shawara da waɗanda suka karanta fannin, sannan ki yi sallar istihara kamar yadda aka koya miki, ki dogara ga Allah. Ki kuma sani kowace hanya da ƙayarta. Mai ilimin kwamfuta za a iya jan ta zuwa damfarar intanet ko leƙen asirin mutane, wannan cin amana ne ko da ba wanda ya gani. Mai adabi za ta haɗu da littattafan da suka saɓa wa aƙidarta da tarbiyyarta. Ta karanta su da idon mai nazari, ta san zinariya ta san gwangwani, ta koma wa malamai da abin da ya shige mata duhu. Garkuwar duka biyun ita ce farali ainin nan da muka fara da shi. Kada ki ajiye Alƙur'aninki da azkar ɗinki da hijabinki a ƙofar jami'a.

Kuma duk wanda kika zaɓa, ki leƙa ɗayan. In kina kwamfuta, ki riƙe Hausarki da Larabcinki, ki iya rubuta su daidai. In kina adabi, ki koyi sarrafa na'ura fiye da aika saƙo a WhatsApp. Takardar digiri ita kaɗai ba ta ba da aiki a ƙasar nan, ƙwarewa ce take bayarwa da izinin Allah, arziki kuwa yana hannun Mai shi.

Kammalawa

'Yar'uwa, 'ya'ya amana ne, kuma za a tambaye mu a kansu. Baiwar da Allah ya zuba wa yarinya tana cikin amanar nan. In kika tilasta mata abin da ba nata ba, kin yi asarar biyu: ba a samu mai kwamfuta ba, an kuma rasa marubuciya. In kika hana mai lissafi hanyarta don kin ji an ce kimiyya ta maza ce, kin hana asibitinmu da makarantarmu ma'aikaciyar da suke nema. Ki zauna da 'yarki a daren nan, ki tambaye ta, ki saurare ta.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, ya tsare su daga ilimin da ba ya amfani. Allah ya sa wa gonakinmu da dabbobinmu albarkar da za mu ɗauki nauyinsu. Allah ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, ya sa mu cika da imani. Amin.